Ɗanboyi Mai Tayar da Kwamfutar Ofishin Gona

Gidiyon Ɗanboyi ya shigo Azare a shekarun da soja suka kori farar hula, a bayan akori-kura, da akwatin ƙarfe guda da wando mai kari kamar bakin aska. Mutumin kudancin Bauci ne, daga wani ƙauye a gindin duwatsun wajen Bogoro, inda acca ke fitowa a tsakanin duwatsu. Gwamnati ta turo shi ofishin gona, ta ce shekara biyu zai yi a mayar da shi gida. Wanda ya san gwamnati ya san shekara biyunta ba irin ta mutane ba ce.

Aikinsa auna ruwan sama. Kada a yi dariya, aiki ne har da babur. An kakkafa wasu gwangwanaye masu mazurari a Dambam da Hardawa da Itas da Katagum, duk ruwan da ya sauka sai a juye a kwalba mai zane a ga inda ya tsaya. Shi ke bi ƙauye ƙauye yana tattaro lissafin. Manoma na masa kallon wanda ya rasa abin yi. Wani tsoho a Itas ya taɓa ce masa, "Malam, Allah ya saukar, kai ka auna. To in ka tarar an yi maka tauye, wurin wa za ka kai ƙara?"

Matarsa Abigel ba ta biyo shi ba. Uwarsa ta tsufa, ido ya soma dushewa, ta rantse ba mai ɗaga ta daga kusa da kabarin mijinta. Ga gona, ga awaki. Sai Abigel ta zauna da tsohuwa da 'yarsu Lois, shi kuma ya kama ɗaki a wani gidan haya bayan tasha. Namiji ne da ke hura murhu da kansa, matan gidan na leƙensa ta bayan zana suna ƙunshe dariya, don tuwonsa ko kare sai ya yi shawara kafin ya ci. Ba wanda ya tsane shi, kada a yi wa mutanen Azare ƙage. Ana gaishe shi, ana aiko masa da naman salla, shi ma yana raba shinkafar Kirsimeti in bai tafi gida ba. Amma gaisuwa daban, hira daban. Idan aka tashi daga coci ran Lahadi, kowa ya kama hannun iyalinsa, shi sai ya faɗa kasuwa ya yi ta zagaye, ya taya albasar da ba zai saya ba, don dai a amsa masa magana.

Gida kuwa sai Kirsimeti da Ista. Kowane zuwa ya tarar Lois ta ƙara tsawo ta ƙara nisa, har ta kai tana durƙusa masa irin durƙuson da ake wa kawu ɗan birni, ta ajiye ruwa ta fice. Tsohuwa ta lalubi fuskarsa ta ce, "Yaushe za su sake ka?" Ya ce, "Ana dubawa, Mama." Abin da manajan ofis, Alhaji Maikuɗi, ke ce masa ke nan duk shekara in ya nemi canjin wurin aiki. Ana dubawa. Ido bai taɓa gajiya da duba irin na ofis ba.

Ana nan, bayan an shiga shekarun casa'in, wani shirin taimakon noma ya kawo musu kwamfuta. Baturen da ya rako ta zazzaɓi ya kayar da shi tun kafin a kwance igiyar kwali, aka kwashe shi zuwa Kano, bai sake waiwayo Azare ba. Aka ajiye abu a kan tebur, aka lulluɓe da zane, ana share masa ƙura safe da yamma kamar gadon amarya.

Ba mai taɓawa, kuma ba tsoro ba ne. Abin yana da madannai irin na tafireta. A zamanin nan kuwa babban ma'aikaci ba ya buga tafireta. Ya rubuta da biro, ya danna ƙararrawa, masinja ya kai wa mai bugu. Duk wanda aka gani yana ƙwanƙwasa haruffa da yatsunsa, to ya sauko daga girmansa ya koma akawu. Saboda haka ofisoshi masu babbar riga suka riƙa wucewa ta gefenta suna cewa, "Kai, Bature ya ci gaba," hannuwa a baya.

Ɗanboyi ba shi da girman da zai zube, kuma ba shi da wanda ke jiransa da abinci. Idan aka tashi aiki da azahar, kowa ya watse, sai ya yaye zanen ya zauna da littafin da ya zo cikin kwalin.

Ga yadda abin yake, kamar yadda ya bayyana wa Kellu, Babarbariyar da ke buga musu tafireta. Ita kwamfuta gida ce. A cikinta akwai maigida, wanda shi ke cewa a yi ko a bari. Na wannan sunansa Dos, fuskarsa baƙa ƙirin, ba ya magana sai ka rubuta masa, kuma in ka kuskure harafi ɗaya sai ya yi kamar bai san ka ba. Sai kuma baƙon da za a saukar a gidan, shi ne furogiram ɗin lissafin ruwa, wanda ya zo a cikin wasu faya-fayi baƙaƙe, siraran kamar waina. Sai an ɗura mata su ɗaya bayan ɗaya, bi da bi. Ka sa na uku kafin na biyu, ka koma farko. A ɗauke wuta ana tsakiya, ka koma farko. Wuta kuwa a Azare ba ta sallama in za ta tafi.

Da ƙyar ya gama ɗurawa, ya kira baƙon da sunansa, sai maigida ya ce babu wuri. Gida fanko, wai babu wuri! Ɗanboyi ya yi makonni yana bincike, har ya gano ashe duk safiya in ta farka akwai tarkacen da take kwasowa ta cika tsakar gida da su. Ya shiga ya rage. Sannan ga wani ɗan makulli kamar akwatin ashana da ake cusa mata a baya. In baƙon bai lalubo shi ba, ba zai zauna ba, wai don kada a sace shi a kai wani gida.

Ranar da kwamfutar ta tashi, Kellu ce kaɗai a wurin, ta dawo ɗaukar mayafinta. Fuskar nan baƙa ta rikiɗe ta yi shuɗi, layuka suka jeru. Ɗanboyi ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa, ya rasa wanda zai gaya wa.

"Kellu! Ta amsa!"

"Barka. Yau ka samu mai amsa maka. To me ta ce?"

Ya zuba mata lissafin ruwan shekarun da ya yi yana bin ƙauyuka. Ta tauna, ta fito da zane mai hawa da sauka, ta nuna cewa ruwan farko a wajen Dambam yawanci yaudara ne, wanda ya yi gaggawar shuka sai ya sake iri. Manoma sun san haka tun kakanninsu, amma da yake inji ne ya faɗa, sai aka buga a takarda aka kai Bauci, aka yaba wa Alhaji Maikuɗi.

Kellu ta dube shi ta ce, "Malam Ɗanboyi, ni dai ban yi maka murna ba. Jakin da ya nuna ya iya hawan tudu, shi ake ware wa lodin dutse."

Bakinta bai yi sanyi ba. Da ya sake shiga neman canji, manaja bai ce ana dubawa ba. Cewa ya yi, "Gidiyon, kai ma ka duba. In ka tafi wa zai tayar mana da ita? Ka koya wa wani. Ranar da ya iya, ni da hannuna zan sa maka hannu."

Kafin a samu wanin, sai ga kwamfuta ta biyu. Wannan mai fara'a ce, fuskarta da launi da 'yan tagogi, har da wani ɗan ɓera mai wutsiya da ake ja a kan tebur. Da yake ita ce sabuwa, ofishin manaja aka kai ta, don abu mai kyau ba ya wuce babba. Maigidan cikinta dabam ne, ɗan zamani. Ɗanboyi ya ɗura mata faya-fayin nan, baƙo ya shiga, ya leƙo, ya sandare. Ɓera ya ƙi motsi, komai ya tsaya cak. Haka ya riƙa tsugunawa a gefen teburin manaja, ana shan shayi a kansa ana zancen takin zamani, har ya gano dabara: sai an lallashi sabon maigidan ya rufe tagoginsa, ya koma baƙar fuska irin ta mutanen da, sannan baƙon zai yarda ya zauna. Ta tashi. Aka ce, "Kai, Gidiyon aljani ne." Igiya ta ƙara zagaye ɗaya a ƙafarsa, shi kuma yana murmushi.

Wanda aka zaɓa ya gaje shi Malam Jalo ne, Bafulatani dogo, wanda ya girme shi a shekaru da matsayi. Ranar darasin farko Ɗanboyi ya ja masa kujera. Jalo ya dubi kujerar, ya dubi madannan, ya gyara hula.

"Kai dai buga, ina gani."

"Yallaɓai, ba a iya ta da ido. Sai ka sa hannu."

"Ni? Shekara nawa ina aikin gwamnati, a wayi gari masinja ya leƙo ya gan ni ina caccakar tafireta?"

Kellu na daga lungunta tana sa takarda a inji, ta ce, "Ƙyale shi, Malam. Yatsun Fulani ba su san komai ba sai hantsar saniya. In ka sa mata nono a ƙasa, yanzu zai durƙusa."

"Ji baiwata!" in ji Jalo. "Ke da aka tsaga miki fuska don kada ki ɓace a kasuwa? Yi mana shiru, manya na magana."

"Manyan da ɓeran roba ya kora bayan ƙofa."

Haka aka shafe watanni. Jalo ba daƙiƙi ba ne, ya haddace komai, ya san abin da ke bin wani, amma hannunsa na baya kamar mai zagayen gona. Kellu kuwa da kunne ta ɗauke karatun tsaf. Wata rana Ɗanboyi ya dawo daga Hardawa ya tarar ta tayar da injin da kanta tana zuba lissafi. Ya ruga wurin manaja. Manaja ya girgiza kai: aikin ofisa ba a miƙa shi ga mai buga tafireta, doka ba ta san da wannan ba.

Ga mai iyawa ba matsayi, ga mai matsayi ba ya taɓawa. Kellu ce ta warware. Ta ce, "To ku haɗa mu mana, kamar makaho da gurgu." Aka kira manaja ya zo ya gani. Jalo ya tsaya a bayan kujera ya yi gyaran murya ya ce, "A rufe tagogi." Kellu ta rufe. "A kira shi." Kellu ta kira. Fuska ta yi shuɗi. Alhaji Maikuɗi ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam Jalo ya iya." Ya cika alkawari kuwa, ya sa hannu. Bayan shekara goma sha wani abu, aka ce Gidiyon Ɗanboyi ya koma ofishin gona na kusa da garinsu.

Mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ran nan har waƙa aka ji yana yi a bakin rijiya. Ya aika wa Abigel ta bakin wani direba cewa ƙarshen wata yana tafe, zuwan da ba komowa. Ya rabar da kayansa, don ya ce ba zai shiga gida da tarkacen gwauro ba: gado da katifa ya ba wani sabon malamin makaranta, tukwane ya ba matan gidan, risho ya ba mai gadin ofis. A coci aka tsayar da shi gaban jama'a, matan zumunta suka yi masa waƙar sallama da tulu da kacau-kacau, fasto ya ɗora masa hannu, aka ba shi bargo a cikin leda. Mutanen da ba su taɓa tambayarsa yadda ya kwana ba suka yi ta cewa za su yi kewarsa. Wataƙila ma gaskiya suke faɗa.

Saura 'yan kwanaki, sai ga mota daga hedkwata da kwali babba. Kwamfuta ta uku. Da umarni: a mayar da tsofaffin biyu sito, daga yau komai a kan wannan za a yi, a duk shiyyoyin jiha.

Kellu ta ɗura faya-fayi yadda aka koya mata. Jalo ya ce, "A rufe tagogi." Babu ƙofar da za a bi a rufe su. Maigidan wannan mai tsauri ne, irin masu gadin banki: ba ya barin baƙo ya zagaya bayan gida da kansa, don haka baƙon ya kasa lalubo makullinsa, ya ce shi ba a nan zai kwana ba. Jalo ya ce a sake. Aka sake. Ya ce a sake da ƙarfi.

Manaja ya aika a kira Ɗanboyi. "Gidiyon, ɗan duba mana kafin ka tafi. Ba wani abu ba ne a wurinka."

Kellu ta tare shi a baranda, ta rage murya.

"Malam, ka saurare ni da kunnen basira. Ka shiga, ka danna nan, ka danna can, ka yi tsaki, ka ce ta fi ƙarfinka."

"In kuma ba ta fi ba fa?"

"Ta fi! Ni na ce ta fi. Su nemo wani daga Bauci, ko ta mutu a ƙarƙashin zane kamar tarakta goman da ke bayan ofis. Wa aka kama a kansu? A gidan gwamnati wanda bai iya ba shi ke kwana a ɗakin matarsa. Uwarka na jiranka, bawan Allah."

Ya ce ya ji.

Ya shiga, ya zauna. Kafin masinja ya kawo ruwan sha ya riga ya ga hanyar. Cikinta babba ne. Sai a raba shi biyu kamar yadda ake raba gidan gado da katanga, a bar wa sabon maigida sashensa, a dawo da tsohon mai baƙar fuska a ɗaya sashen, a sauke baƙon a wurinsa. Da ta farka sai ta tambaya wace ƙofa za a shiga. Shi ke nan.

Ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Ta taga yana hango hadarin farko ya soma haɗuwa a gabas. Daga baya mutanen coci sun ce tsoron ƙarya ne ya hana shi, na ofis suka ce tausayin manoma. Duk sun yi masa kwalliya. Magana ita ce, shekara da shekaru a garin nan abu ɗaya ne yake kira da suna ya amsa masa nan take, kuma ga shi yau an toshe masa baki, shi kaɗai ya san inda toshiyar take. Mai ɗaurin karaya ba ya iya wuce ƙafar da ta goce, ko da ta maƙiyinsa ce. Ya ce a ransa, bari dai in gwada in gani ko haka ne, ba sai na gaya wa kowa ba.

Ya gwada. Haka ne kuwa. Fuska ta yi shuɗi, Jalo na tsaye a bayansa ya ce, "Allahu akbar!" da ƙarfin da har ofishin manaja an ji.

Kellu ta koma lungunta. Ta zare takarda daga tafireta, ta duƙunƙune, ta jefa kwando.

Kafin mako ya zagayo labari ya kai hedkwata cewa duk jihar a Azare kaɗai abin ya tashi. Sai ga saƙo: a dakatar da tafiyar Ɗanboyi, ya zauna nan ya riƙa zagayawa yana tayar da na sauran ofisoshin arewacin jiha, har a ga yadda hali zai yi. Alhaji Maikuɗi, don Allah, bai ji daɗi ba. Ya ce, "Gidiyon, wannan ta fi ƙarfina. Da ka sani…" Bai ƙarasa ba, don ya san shi da kansa ne ya aika a kira shi.

Ran Lahadi ya shiga coci bayan an fara waƙa, ya zauna a bencin ƙarshe. Aka riƙa waiwayowa. Wata daga matan zumunta ta ce, "A'a, Baban Lois, ba ka tafi ba?" Ya ce, "An ɗan ɗaga." Ba wanda ya san abin da ake ce wa mutumin da aka riga aka yi wa sallama, don haka aka bar shi.

Direban da ya aika gida da labarin ɗage tafiyar ya dawo da amsa. Ya ce ya tarar an shafe ɗaki da sabuwar ƙasa, an jiƙa acca, an ware ɗan akuya. Abigel ta saurari bayanin har ƙarshe, ta ce a gaishe shi, ta ɗauki fartanya ta fita. Tsohuwa ce ta riƙe rigar direban ta ce, "Ka tambaye shi, shi wannan injin, ba shi da 'ya'yan kansa ne?"

Tsohuwar ba ta kai Kirsimetin shekara mai zuwa ba. Ya je jana'iza da izinin kwana kaɗan, ya dawo, don kwamfutar ofishin Gamawa ta sake ƙin tashi. Azare ba ta sake shi ba sai da ya yi ritaya.

Amma a wancan makon, abin da ya fi damun matan gidan hayar shi ne ɗakinsa. Kunya ta hana shi neman kayan da ya bayar, su kuma kunya ta hana su mayarwa kai tsaye, kada ya zama sun yi masa gori. Sai ɗaya ta zuba dambu a tukunyarsa ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce ba ta gaggawar kwanon. Da ta ɗaga labule za ta yi masa magana, ta ga ya farke kwalin sabuwar kwamfutar ya shimfiɗa a inda gado yake da, ya ninke bargon sallama a kai, yana zaune yana goge takalmin zuwa aiki.